Targaɗe Ba Ya Son Gaggawa: Jan Kunne Ga Masu Motsa Jiki A Kurmi

Daga wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya san zangunan Hausawa na ƙasar Kudu, kamar su Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ya san samarinmu ba su baro wasa a gida ba. Da asuba akwai masu gudu a gefen titi tun motoci ba su yi yawa ba. Akwai masu ɗaga ƙarfen da aka ɗaura wa siminti a gwangwani biyu. Ran Lahadi da la'asar kuwa ga 'yan ƙwallo, ga 'yan dambe, kalangu yana tashi. To, amma inda ake wasa ba a rasa tsautsayi, kuma rauni a Kurmi ba ɗaya yake da rauni a gida ba. A nan jikin mutum shi ne jarinsa. Ɗan dako, da mai tura kurar ruwa, da mahauci, da mai gadi, in ƙafa ta kwantar da ɗayansu mako biyu, ba wasa kaɗai ya tsaya ba, har da kuɗin ɗaki da ɗan abin da iyali ke jiran a aiko musu. Wannan ne ke sa mutane da yawa su miƙe tun ciwo bai saki ba, alhali kuwa sauri ya haifi nawa.

A FARA SANIN IRIN RAUNIN

Ba kowane ciwo ne targaɗe ba. Targaɗe shi ne jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa su miƙe fiye da kima ko su ɗan yage, ya fi kuwa samun idon sawu da gwiwa da tsintsiyar hannu. Gocewar ƙashi ita ce kan ƙashi ya fita daga gurbinsa, kamar yadda kafaɗar ɗan kokawa kan yi. Sannan ga tsagewar ƙashi da karaya. Ƙaramin targaɗe yakan saki cikin mako 1 zuwa 3, babba kuwa yana iya kai wata 2 ko 3. Yawancin karaya na bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ƙashi ya haɗe, na ƙwauri ma yakan ci wata 3 ko fiye.

Akwai alamun da in an gan su ba a tsayawa shawara, sai asibiti. In mutum ya kasa taka ƙafar har taki huɗu, ko gaɓar ta karkace, ko ya ji ƙara lokacin da abin ya faru sannan wurin ya kumbura nan take, ko yatsu suka yi sanyi suka mutu, ko ƙashi ya huda fata, to lalle a ɗauki hoton ƙashi. A Ikko akwai asibitin ƙashi na Igbobi wanda aka buɗe cikin 1945, a Inugu ma akwai irinsa, a Badun ga asibitin koyarwa na jami'a. Wanda ya fi son a kai shi gida, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959, amma a fara tsare karayar a asibitin da ke kusa kafin a hau mota, gama tafiyar yini da kwana da karyayyen ƙashi yana motsi ba ƙaramar ɓarna take yi ba.

KWANA BIYUN FARKO

Abin da muka saba shi ne da an yi targaɗe sai a dafa ruwa a gasa wurin, a shafa man zafi, a samo wani ƙaƙƙarfa ya ja ƙafar ya murza. Likitoci sun hana wannan a kwana biyu ko uku na farko, domin zafi da murza suna ƙara zubar jini a cikin nama, kumburi ya ƙaru. Abin yi shi ne a hutar da gaɓar, a ɗora ta bisa matashi ta ɗara ƙirji tsawo, a naɗe ta da bandeji ba tare da an matse ba. A samo ƙanƙara, ko da ledar fiya wata ce da ta daskare, a naɗe ta cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye bisa fata.

Sai dai hutun ma yana da iyaka. Wani likitan Amurka mai suna Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa wannan tsari na hutu da ƙanƙara cikin 1978, shi da kansa ya fito cikin 2014 ya ce yawan ƙanƙara da doguwar kwanciya suna iya jinkirta warkewa. Watau ƙanƙara ta rage zafi ce kurum. Da kumburi ya fara saɓewa, in dai ba karaya ba ce, sai a soma motsa gaɓar a hankali, ana ɗan takawa gwargwadon abin da jiki ya ɗauka.

BATUN MASU ƊORI

Ɗori sana'a ce ta gado, kuma ba wanda zai ce masu ɗori ba su taimaki jama'a ba. Amma idon maɗori ba ya ganin cikin nama. Babban haɗarin shi ne a ɗaure karan ɗori tamau a kan gaɓar da ke kan kumbura. Jini sai ya kasa wucewa, nama ya mutu cikin 'yan awoyi, ƙarshenta a yanke hannu ko ƙafar da da farko karaya ce kawai. Saboda haka ko ɗori ne ko filastar asibiti, in zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka kumbura suka yi baƙi ko suka daina ji, a sassauta ɗaurin, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Karayar da ta huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta mai ciwon sukari, waɗannan ba na ɗori ba ne sam.

MAGANIN DA KE RUFE BAKIN CIWO

Jiki magayi, in ji Hausawa. Zafin ciwo saƙo ne jiki ke aikowa cewa a dakata. Wanda ya haɗiyi ƙwaya don ya samu ya yi turmi uku a fagen dambe, ko ya ɗauki buhu a kasuwa, bai warke ba, ɗan aiken kawai ya kora. Farasitamol yana da amfani, amma babba kada ya wuce giram 4 a yini, domin fiye da haka yana lalata hanta. Su ibuprofen da diclofenac kuwa, in aka daɗe ana sha, musamman da yunwa, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Mafi muni shi ne taramol da kodin, waɗanda samari da dama suka fara sha don ciwo, suka wayi gari ba sa iya rabuwa da su. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin 2018, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni kuma ta haramta taramol lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Kada a karɓi irin waɗannan a hannun mai kemis ko mai tallar magani sai da takardar likita.

ZAMAN JIYYA BA ZAMAN BANZA BA NE

Abin da ya fi cin ran mai motsa jiki shi ne ya ga tsokar da ya yi shekaru yana ginawa tana zubewa, abokai suna fita fili shi yana kwance. Wasu har barci yakan gagare su, su riƙa faɗa da kowa. Maganin wannan shi ne kada a bar sauran jiki ya kwanta tare da gaɓar da ta ji ciwo. Mai ciwon idon sawu yana iya motsa hannuwa da ciki yana zaune. Mai ciwon kafaɗa yana iya tafiya da sauri. Masana sun ma gano cewa in ana horar da lafiyayyen hannu, ɗan'uwansa da ke ɗaure ba ya rasa ƙarfi sosai. A kuma riƙa zuwa fili ko da kallo ne, a zauna cikin jama'a.

Wajen abinci, nama da ƙashi suna bukatar wake da ƙwai da kifi da nono kafin su gyaru. Taba sigari kuwa tana jinkirta haɗewar ƙashi, wannan tabbatacce ne. In likita ya tura mutum sashen gashin ƙashi, kada ya ga zafi ya tafi ya daina zuwa, don a can ne ake maido wa gaɓa ƙarfinta da lanƙwasarta.

RANAR KOMAWA FILI

Ba ranar da zafi ya ɗauke ake komawa ba. Mutum ya gwada kansa tukuna. Yana tafiya ba ɗingishi? Gaɓar tana lanƙwashewa kamar 'yar'uwarta? Yana iya tsayawa da tsalle a kan wannan ƙafa kaɗai ba tare da zafi ba? In haka ne, ya fara da rabin abin da ya saba, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. In ya wayi gari wurin ya kumbura ko yana zogi, ya san jiya ya zarce, sai ya ja baya. Wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa saurin sake yin wani a wuri guda, saboda haka ya lizimci tsayuwa da ƙafa ɗaya kullum don gaɓar ta yi ƙwari.

Bugun kai shi yana da nasa hukunci. Ɗan damben da aka buga ya suma, ko ya tashi yana layi, kada ya sake shiga fage a wannan rana ko da makaɗi ya wasa shi da kirarin kakansa. In amai ya biyo baya, ko matsanancin ciwon kai, ko yawan barci, ko rikicewar magana, a kai shi asibiti nan da nan.

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira ba. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, wanda ya ci ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 1994, ya kuma samo zinariya a Atlanta cikin 1996, ciwon gwiwa ya sa wasa ɗaya tak ya buga a gasar 1998 a Faransa, kuma shi ne ya raba shi da manyan filayen Turai tun bai cika shekara 30 ba. In gwiwa ta yi wa mai manyan likitoci haka, ina ga mai man zafi? Victor Osimhen kuwa, ɗan Ikko, ya karye a ƙasusuwan fuska cikin Nuwamban 2021 a Italiya. Aka yi masa aiki, ya yi kusan wata 2 yana jiyya, gasar Afirka ta Kamaru ta wuce shi, ya dawo da abin kariya a fuska. A kakar 2022 zuwa 2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar lig ta Italiya, kulob ɗinsa na wancan lokaci, Napoli, ya ɗauki kofin gasar karo na farko tun 1990, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon Afirka na 2023.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin wasa na zanguna da su kafa ɗan asusu, kowa yana jefa abin da ya samu duk mako, don ranar da wani ya ji ciwo a biya masa kuɗin hoto da na abinci har ya miƙe. Yawancin masu komawa aiki da ɗanyen rauni ba taurin kai ke tura su ba, babu ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyashe mu tsautsayi, amin.