Shinkafa: Masu Sayarwa Kaɗan, Masu Ci Sai Ƙaruwa

Duniya na samar da casasshiyar shinkafa sama da tan miliyan 500 a kowace shekara, amma wadda ke tsallake iyaka ta shiga jirgin ruwa wajen kashi 10 cikin ɗari ce kawai. Sauran a inda aka noma ta ake cinye ta. Nahiyar Asiya ce ke noma kusan kashi 90 cikin ɗari, Sin da Indiya kaɗai sun kwashe wajen rabin abin da duniya ke girba. Daga nan ake gane dalilin da farashinta ke yin tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni: kasuwar ba ta da faɗi, masu sayarwa ba su da yawa, masu saye kuwa ba sa iya jira.

Indiya ce uwa a wannan kasuwa. A 2022 ta fitar da kimanin tan miliyan 22, wato wajen kashi 40 cikin ɗari na cinikin duniya, sai Tailan da Biyetnam da Pakistan suke biye da ita daga nesa. A watan Yulin 2023, ana fargabar ƙarancin damina ga kuma zaɓe na tafe, gwamnatin Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, sannan ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan turararriya. Nan da nan tan ɗaya na shinkafar Tailan ya kai wajen dala 650, tsadar da rabon a ga irinta tun 2008, shekarar da ya haura dala 1,000. Da Indiya ta fara sassautawa a watan Satumban 2024, rumbunanta sun cika maƙil, sai farashin ya gangaro har ƙasa da dala 400 a 2025. Shawarar da aka yanke a New Delhi don talakan Indiya, magidanci a Dakar ko Yamai ne ya biya kuɗinta.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne yadda masu cin ke sauyawa. A 1962 mutumin Japan yana cin kilo 118 a shekara, yau da ƙyar yake haura 50. A Koriya ta Kudu an sauko daga kilo 136 a 1970 zuwa wajen 56. Aljihu ya yi nauyi, nama da burodi da taliya sun shigo, tsofaffi sun yi yawa. Kada dai a ɗauka sun raina ta. A 2025, lokacin da farashinta ya ninka a Japan, ministan noma Taku Eto ya yi suɓutar baki ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke kawo masa, kuma wannan magana ce ta raba shi da kujerarsa.

Ƙaruwar buƙata tana wajen ƙasashe irin su Filipin, wadda ta zama kan gaba wajen shigo da ita, sai kuma Afirka, wadda ke sayen kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ake fitarwa. Yawan jama'a dalili ne, amma zaman birni ya fi shi ƙarfi. Kafin tuwon dawa ko na gero ya kai bakin mai ci, sai an yi surfe, an kai niƙa, an tankaɗe, an tuƙa, ga miya na jira. Matar da za ta fita aiki da safe, ga yara za su tafi makaranta, ga gas da gawayi sun yi tsada, shinkafa za ta wanke ta ɗora. Dattawa sun san lokacin da ba a ganinta a gidaje da yawa sai ranar salla ko biki. Yanzu garau-garau da dafa-duka abincin kullum ne.

Kuma kowa da irin tasa. Basanagale karyayya yake nema don dafa ta da kifi. Mutanen Gana sun fi son mai ƙamshi daga Biyetnam da Tailan. Saudiyya da Iran da Iraƙi basmati suke saye, alhazanmu shaida ne. Ɗan Najeriya turararriya yake so, mai dogon ƙwaya, wadda za ta dahu warawara, ta kumbura ta cika tukunya, ba sai an zauna tsintar tsakuwa ba.

A nan ne gwamnatoci suka sha yin tuntuɓe. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina bai wa masu shigo da shinkafa dala, aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi, a watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Noma ya ƙaru, kamfanonin casa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. Duk da haka 'yar waje ba ta daina shigowa ta tashar Kwatano ba, domin mai saye bai daina nemanta ba. Abin da ya fi jawo wa 'yar gida kasuwa shi ne injin cire tsakuwa da na tace ƙwaya, wanda ya sa buhunta ya fara gogayya da na Tailan a kasuwar Singa ta Kano. Matsalar da ta rage ita ce ta shanshera: kamfanoni da dama ba sa samun wadda za ta ishe su aiki shekara guda, manomi kuma yana sayen taki da man ban ruwa da tsada, ga araha daga Indiya tana ƙwanƙwasa masa ƙofa.