Ƙyallen Da Ke Ji

Idan kun taɓa leƙa ɗakin amarya a birnin Sakkwato ran da aka gama jere, kun ga labule a ƙofa, da darduma a ƙasa, da zanen gado, da tumtum na fatar jar akuya wadda ƙasar nan ta yi suna da ita. Kayan nan duka suna ƙawata ɗaki, amma ba su san abin da ke gudana cikinsa ba. Ko wa ya shiga, ko wa ya faɗi, darduma tana kwance abinta.

To, yanzu masana sun ƙago wani irin ƙyalle mai ji. Ga yadda a ke yinsa. A kan sami zare wanda aka murɗe shi da siririn ƙarfe, ko aka shafe shi da azurfa, a saƙa shi tare da sauran zare. Wutar lantarki 'yar kaɗan tana bi ta cikinsa. Da mutum ya taɓa wurin, sai tafiyar wutar ta sauya, wata 'yar na'ura da ke gefe ta gane. A shekarar 2017 kamfanonin Google da Levi's sun fito da riga irin wannan a Amurka, wadda in ka shafi hannunta wayarka ta amsa. A Jamus kuwa akwai shimfiɗa da a ke sawa ƙarƙashin darduma a ɗakin tsofaffi. In tsohuwa ta faɗi da dare, shimfiɗar nan ce za ta aika a kira mai jinya.

Abin gwanin ban sha'awa, amma fa da tsada, kuma sai da wuta. Ban da wannan, ƙurar hunturu da zafin bazarar Sakkwato, da ya kan haura digiri 40, ba su raga wa kayan lantarki.

Duk da haka kada ku ce ba mu da rabo. Akwai wani ƙyalle mai aiki da kansa da ya riga ya shiga gidajenmu, watau gidan sauro mai magani. A wani irinsa, tun wajen yin zaren a ke cuɗa maganin ciki. In aka wanke, na bisa ya tafi, sai na cikin zaren ya riƙa fitowa a hankali ya maye gurbinsa. Sauron da ya sauka a kai ya kan mutu, ko ya gudu, yaro ya kuɓuta daga zazzaɓin cizon sauro. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa raba shi kyauta ko da araha. Mai kyau ya kan jure wanki 20, ya yi kamar shekara 3 yana aiki.

In za a wanke naku a gida, ku ce a sa sabulu marar kaifi, a kuma shanya shi a inuwa, don rana tana kashe maganin. In ya huje, a ɗinke shi tun kafin magariba.