West Side Story: Abin Da Ke Cikin Faifai Wanda Mai Kallo A Waya Ba Ya Gani

Tun da Steven Spielberg ya sake shirya fim ɗin waƙe-waƙe na West Side Story a 2021 ake ta ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa me ya rage a ƙara wa na 1961, wanda ya lashe kyautar Oscar har 10? Wasu kuma na tunatar da su cewa a tsohon, Natalie Wood ce ta fito a matsayin Maria 'yar Puerto Rico alhali ba jinin can ba ce, kuma muryar Marni Nixon aka ɗora mata a waƙoƙin. A sabon kuwa, Rachel Zegler da bakinta ta rera.

Inda Spielberg ya kare kansa shi ne faifan Blu-ray da ya fito a Maris 2022. Bayan fim ɗin, an haɗa da shirin bayan fage na Laurent Bouzereau mai tsawon kusan awa ɗaya da rabi, inda ake ganin atisayen rawa da yadda aka ɗauki waƙoƙi. Sai dai babu sharhin darakta a kan fim ɗin, domin Spielberg ba ya yin sa. A ganina wannan giɓi ne babba.

Kwafin da ake turawa waya ta Xender yawanci fim ne zalla, an yanke duk wannan. Idan a manhajar kallo kake, leƙa sashen Extras, amma ka jira sai ka samu Wi-Fi, don bidiyo mai wannan tsawon yana cin data.