Kawu Ɗaya, Maki Biyu

Kawuna manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bichi da Bagwai, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin ko taƙin saura. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani tumatir da albasa a bakin ruwan Watari. Ba a taɓa jin mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gidansa ba. Shi ya sa abin da ya same shi bara ya ɗaure wa kowa kai.

Ya sayi injin ban ruwa a wani shago a Bichi, irin masu ba da kaya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Suka yi masa rajista da lambar BVN, suka ba shi kati, suka sa wa ɗansa manhaja a waya. Duk wata manhajar tana nuna masa makinsa na biyan bashi kyauta, ya haura 700, cikin koren launi. Da ya so ƙara fili a noman rani, sai ya nemi rancen taki da iri a banki. Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya ce makinsa bai kai 500 ba, sai dai ya yi haƙuri.

"Ɗana, ni mutum ɗaya ne ko biyu?" Haka ya tambaye ni a waya.

Zargin farko a ƙauye ya faɗa kan masu POS, wai wani ya ci bashi da lambarsa. Muka koma bankin, aka tabbatar mana suna da ranar haihuwa da lambar waya duk nasa ne, kuma babu wani sabon rance da aka buɗe da sunansa in ban da na injin. Aka wanke bayin Allah.

Daga nan na koma kan ma'aunin kansa. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara bayanan bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Makin CRC yana tashi daga 300 zuwa 850, na CreditRegistry kuwa daga 100 zuwa 999. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a ƙauye ya kai Dawanau ya san tiya ba ɗaya ba ce, buhun nan dai ne amma lissafin kwano ya canza. Wannan ya rage mana ruɗani, amma bai isa ba. Bambancin ma'auni ba ya mayar da mai cika alkawari ya zama maci bashi.

Ɗan Kawu ne ya lura da ƙananan rubutu a ƙasan koren makin. Ashe ba daga ɗaya cikin kamfanonin ukun ya fito ba. Kamfanin da ke ba shagon kuɗi ne yake lissafa kayansa, kuma biyan kuɗin injin kawai yake dubawa. Kawu bai taɓa makara ba, don haka makin gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar injin kaɗai. Ko a Amurka haka abin yake: akwai makin FICO da ya fito a 1989, akwai VantageScore da Equifax da Experian da TransUnion suka haɗu suka samar a 2006, kuma wanda katin shago ya nuna maka kyauta ba lallai ne shi mai ba da rancen gida zai duba ba. Ina ganin bai dace a nuna wa manomi lamba da manyan haruffa, a ɓoye asalinta a rubutun da sai an sa tabarau ba.

Saura makin banki. Me ya ja shi ƙasa? Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar cikakken rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, abin da kusan ba wanda ya sani a ƙauyukanmu. Muka nema daga duka ukun. Biyu suka zo fes. Na ukun ya zo da layi ɗaya: bashin wani ƙaramin banki na shekarun baya, ba a biya ba. Tun da Babban Banki ya wajabta wa bankuna duba aƙalla kamfanoni biyu kafin su ba da rance, da wuya irin wannan tabo ya ɓuya.

Kawu ya rantse bai taɓa taka ƙofar bankin nan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Matarsa ce ta warware ƙullin.

"Malam, ka manta shinkafar ƙungiya? Ranar da kuka dangwala yatsa a gindin darbejiya?"

Shekarar da manoman garin suka haɗa ƙungiya, an ba su bashin taki da iri da maganin feshi ta hannun wannan ƙaramin bankin. Ko kwabo bai shiga hannun kowa ba, shi ya sa bai ɗauke shi a matsayin bashin banki ba. Da kaka ya auna buhunan shanshera ya kai wa shugaban ƙungiya, aka ba shi rasit, matarsa kuwa ta ninke shi ta ajiye a ƙasan adakarta. Da muka kai rasit ɗin, aka bi takardu, sai aka ga kuɗin ya shiga asusun ƙungiya gaba ɗaya, amma ba a rufe layin kowane manomi da ke ɗaure da BVN ɗinsa ba. Kuma kamfani ɗaya tak ƙaramin bankin yake aika wa bayanai, shi ya sa sauran biyun ba su san da zancen ba.

Muka rubuta ƙorafi kamar yadda dokar ta tanada, bankin ya aika gyara, aka cire tabon. Makin banki ya tashi, ko da yake har yau bai yi daidai da na manhaja ba, kuma ba zai yi ba. Rancen ya fito bayan lokacin dashen tumatir ya wuce, sai Kawu ya karkata shi ga masara. Sauran 'yan ƙungiyar yanzu suna ta neman rahotonsu, kuma waɗanda rasit ɗinsu ya ɓace suna jiran a binciko littafin shugaban ƙungiya.