Rumbu a Nesa, Tiya a Hannu: Ganin Ƙasar Abala Daga Sama

Gundumar Abala, wadda aka cire daga Filinge a shekara ta 2011, ƙasa ce ta noma da kiwo, daga arewacin Kurfai har iyakar Mali. Kowace damana tambayar makiyaya da hukuma guda ce: ina ciyawa ta fito, wane tabki ya riƙe ruwa? A da sai ma'aikacin kiwo ya shiga daji ya gano wa idonsa. Amma rashin tsaro, wanda ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumar cikin 2017, ya sa rangadi ya yi wuya.

To, akwai masu kallo daga sama. Taurarin ɗan Adam na Turai da ake kira Sentinel-2, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton kowane wuri duk kwana 5, kowane ɗigo a hoton kuwa fili ne mai mita 10. Cibiyar Agrhymet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, da hotunan taurari take bin halin ruwa da makiyaya a Sahel.

Matsalar ita ce nauyi. Hoto guda na fili mai kilomita 100 kowane gefe yakan kai ɗaruruwan megabait, abin da wayar hannu ba ta iya jawowa da sauƙi. Saboda haka ana barin hotunan a manyan kwamfutoci can nesa, a yayyanka su ƙanana-ƙanana. Mai neman tabki guda, yankin tabkin kaɗai za a aiko masa ta intanet. Ba a kai rumbu gida, tiya ake ɗiba. Ta haka dubban mutane ke ɗiba a rumbu guda lokaci ɗaya.

Hoton sama daga bisa kawai yake nuna ƙasa. Domin a ga abu ta kowane gefe, malamai biyu na jami'ar Stanford ta Amurka, Marc Levoy da Pat Hanrahan, sun fito da wata dabara a 1996: a ɗauki hotunan abu daga wurare masu yawa, a adana. In mai kallo ya juya, na'ura sai ta tsinto hasken da ya dace daga hotunan, ta haɗa sabon hoto, ba tare da ta auna siffar abin ba. Nan ma babban aiki an gama shi tun farko, mai kallo ɗiba kawai yake yi.

Sai dai a lura da abu biyu. In babu lantarki da layin waya, rumbun nesa ba ya buɗuwa. Kuma hoto yakan nuna kore, amma ba ya faɗin ko ciyawar kirki ce, ko garmani ne da dabbobi ba su so. Wannan sai an tambayi makiyayi.