Portsmouth: Garin Da Jiragen Yaƙi Uku Suke Kwance

Yau Ingila za mu leƙa, wani gari a bakin teku da ake kira Portsmouth. Na san da jin sunan nan wasu tuni sun tuna da ƙwallo, domin Kanu ne ya ci musu ƙwallo ɗaya tilo da ta ba su kofin FA a 2008. To amma tun kafin ƙwallo, garin nan sansanin sojojin ruwan Birtaniya ne, kuma har yau a nan manyan jiragensu biyu masu ɗaukar jiragen sama suke da mazauni.

Daga Landan tafiyar ba ta wuce awa biyu a jirgin ƙasa. Kana fitowa daga tashar Portsmouth Harbour za ka yi ido biyu da wani baƙin jirgi dogo a kan ruwa. Wannan shi ne Warrior, na 1860. Faransa ce ta fara ƙera jirgi mai sulke a 1859, hankalin Ingila ya tashi, sai suka mayar da martani da wannan: gangar jikinsa ƙarfe, sulkensa kaurin inci huɗu da rabi, ga injin tururi ga kuma ƙyallayen da iska ke turawa. Abin dariyar shi ne bai taɓa harbi ko ɗaya a fagen yaƙi ba. Cikin 'yan shekaru aka ƙera waɗanda suka fi shi, ƙarshe ma shekara hamsin ya yi a yankin Wales a matsayin wurin da jirage ke tsayawa su sha mai. Sai a 1987 ya dawo Portsmouth bayan an gyara shi.

Amma wanda mutane suka fi zuwa gani shi ne Victory. An saka shi ruwa a 1765, kuma bishiya wajen 6,000 aka sare aka yi shi. Igwa 104 yake ɗauka, mutum sama da 800 a ciki. Shi ne jirgin Admiral Nelson a yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, inda jiragen Birtaniya 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifen. Birtaniya ta yi nasara, amma Nelson bai kai dare ba. Wani ɗan bindiga daga saman jirgin Faransa ya harbe shi, aka sauko da shi can ƙasan jirgi, bayan kamar awa uku ya cika. Gawarsa a cikin gangar barasa aka saka ta don kada ta lalace kafin a isa gida. In ka hau saman jirgin akwai ɗan allon tagulla a daidai inda ya faɗi.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina ba Nelson ba ne, rayuwar ƙananan ma'aikata ce. Kana sauka ƙasa rufin yana ƙara matsowa, dogon mutum dole ya sunkuya. A tsakanin igwogin nan suke ci, a nan suke rataye shimfiɗar barci kamar lilo, kowa faɗin inci 14 aka ware masa. Ka auna da hannunka ka gani, ko kafaɗar ƙato ba ta kai ba.

Tun 1922 Victory yake zaune a busasshen ramin gyaran jirgi, kuma a takarda har gobe yana cikin rundunar sojan ruwa, ba a sallame shi ba. To a nan matsalar take. Jirgi an yi shi ne don ruwa ya ɗauki nauyinsa ta kowane ɓangare. Da ka fitar da shi, nauyin nan sai ya riƙa danna katakon, cikinsa yana buɗewa a hankali. Shi ya sa aka kafa masa matokarai na ƙarfe 134 da suke kwaikwayon yadda ruwa ke riƙe shi. Ga ruwan sama da ke shiga yana ruɓar da katako, ga wani ƙwaro da ke cinsa ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara. Yanzu haka ana wani babban gyara da aka fara a 2022, ana ɓamɓare ruɓaɓɓen katako ana sa sabo. Kuma an daɗe ana wannan musayar, har ta kai yawancin abin da idonka ke gani daga waje ba na zamanin Nelson ba ne. Tsohon katakon sai can ƙasa.

Na ukun, Mary Rose, ya girme su duka, kuma hanyarsa daban. Jirgin Sarki Henry na Takwas ne, an saka shi ruwa a 1511. Ranar 19 ga Yuli 1545, ana fafatawa da Faransa a bakin garin, sarki yana kallo daga ganuwar Southsea, jirgin ya karkata wajen juyawa, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da ke buɗe. Nan take ya nutse. An shimfiɗa raga a samansa don hana abokan gaba tsallakowa, ragar nan ita ta hana mutanensa fita. Cikin ɗaruruwa, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba.

Laka ta rufe ɓangare ɗaya, ta hana iska da ƙwari isa gare shi, ɗaya ɓangaren kuma teku ta cinye. Shekara 437 yana kwance, sai ranar 11 ga Oktoba 1982 aka ɗago shi. Kun san katakon da ya jiƙu haka, in ya bushe farat ɗaya tsagewa zai yi ya ƙanƙance. Don haka aka yi ta fesa masa ruwa, daga baya aka koma wani sinadari mai kama da kaki wanda ke shiga ya maye gurbin ruwan. Sai a 2013 aka kashe famfunan, shekara talatin da ɗoriya kenan.

Yau rabin jirgin yana tsaye a bayan gilashi, a ɗaya gefen kuma an jera kayan da aka tsamo, wajen 19,000, kowanne daidai da inda yake a cikin jirgin: baka da kibiya, takalman fata, kayan aikin likita, mataji masu ƙananan haƙora na cire ƙwarƙwata, har da ƙashin wani kare da aka samu kusa da ɗakin kafinta. Da masana suka binciki haƙora da ƙasusuwan wasu daga cikin mamatan, sai suka gano ba duka 'yan asalin Ingila ba ne, akwai ma wani matashi da tushensa ya kai arewacin Afirka.

Wanda Allah ya kai shi can, shawarata ya fara da Mary Rose da safe kafin cunkoso, domin shi ne ke cin lokaci. Kuma a duba halin da gyaran Victory yake ciki kafin a sayi tikiti, don kada mutum ya je ya tarar da rabinsa a lulluɓe cikin rumfar ma'aikata.