Jamie Vardy: Daga Masana'anta Zuwa Kofin Firimiya

A tsarin ƙwallon ƙafa na Ingila, manyan ƙungiyoyi tun yaro yana ɗan shekara takwas ko tara suke ɗaukarsa su rene shi. Idan ya kai 16 sai a tace, a riƙe kaɗan, a sallami sauran. Mafi yawan waɗanda aka sallama daga nan suke haƙura su kama wata sana'a. Jamie Vardy yana cikin waɗanda aka sallama. Bai buga gasar Firimiya ba sai da ya kai shekara 27, amma ya ɗaga kofinta, ya kuma lashe takalminta na zinare. Yadda hakan ta faru abin nazari ne ga duk mai sha'awar ƙwallo.

An haife shi ranar 11 ga Janairun 1987 a birnin Sheffield da ke arewacin Ingila. Ƙungiyar da yake so tun yana yaro, Sheffield Wednesday, ita ce ta rene shi, ita ce kuma ta sallame shi yana ɗan shekara 16, bisa dalilin cewa ba shi da girman jiki. Sai ya koma Stocksbridge Park Steels, wata ƙaramar ƙungiya da ke mataki na takwas a gasannin ƙasar. Fam 30 ake ba shi a mako, abin da ba zai riƙe mutum ba, don haka ya haɗa da aiki a wata masana'anta da ke ƙera kayan tallafe ƙafa da hannu na marasa lafiya. Da rana yana bakin aiki, da yamma ko ƙarshen mako yana fili.

Ƙuruciyarsa ba ta rasa tabo ba. A 2007 kotu ta same shi da laifin duka bayan wani faɗa a ƙofar mashaya, aka ɗaura masa na'urar sa ido a ƙafa na wata shida, aka kuma hana shi fita daga ƙarfe shida na yamma. Akwai wasannin da dole aka cire shi kafin a tashi don ya isa gida kan lokaci.

Daga nan ne hawa ya fara, mataki bayan mataki. A 2010 Halifax Town ta saye shi kan fam 15,000, ya ci mata ƙwallo 25, ta zama zakara a rukuninta. A 2011 ya koma Fleetwood Town da ke mataki na biyar, ya zura 31, ita ma ta zama zakara. A watan Mayun 2012 Leicester City, wadda ke rukuni na biyu a lokacin, ta biya fam miliyan ɗaya ta ɗauke shi. Kafin lokacin ba a taɓa sayen ɗan wasa daga irin waɗannan ƙananan gasanni da tsada haka ba.

Kakarsa ta farko a Leicester ba ta yi armashi ba, har ya yi tunanin barin ƙwallo, sai koci Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare suka lallashe shi. A kaka ta biyu ya ci 16, ƙungiyar ta haura Firimiya a 2014. Da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a shekarar farko, sai da ta ci bakwai daga cikin wasanni tara na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya masu zuwa gidajen kallo ba za su manta ba. A farkon kakar 2015/16 kamfanonin caca sun ƙiyasta damar Leicester ta cin kofi da ɗaya cikin 5,000. Koci Claudio Ranieri ya gina wasansa kan abin da yake da shi: a bar wa abokan hamayya ƙwallo, N'Golo Kante ya ƙwace, Riyad Mahrez ko Danny Drinkwater su cilla ta bayan masu tsaron baya, Vardy ya bi ta a guje. Ranar 28 ga Nuwamban 2015, a karawa da Manchester United, ya ci ƙwallo a wasa na 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa 10. Ya kammala kakar da ƙwallo 24, Leicester ta ci kofin karon farko a tarihinta.

Bayan haka Kante ya tafi Chelsea, daga baya Drinkwater da Mahrez su ma suka tafi. Arsenal ta nemi Vardy, ya ce yana nan. Ya yi wasa tare da Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, wanda Leicester ta saya a 2016, sannan da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, waɗanda suka ci kofin FA tare da shi a 2021. A kakar 2019/20 ya lashe takalmin zinare da ƙwallo 23 yana ɗan shekara 33, babu wanda ya taɓa cinsa da shekaru haka a Firimiya. Ya buga wa Ingila wasa 26, ya ci bakwai. Ko da Leicester ta faɗi a 2023 bai gudu ba, ya taimaka ta dawo. Ya yi mata bankwana a watan Mayun 2025 da ƙwallo ta 200 a wasansa na 500, sannan ya koma Cremonese ta Italiya.

Ana yawan ba da labarin Vardy a matsayin ribar haƙuri, kuma gaskiya ne, sannu ba ta hana zuwa. Amma haƙuri kaɗai bai isa ba. Abin da ya cece shi shi ne Ingila tana da gasanni masu hawa hawa har zuwa ƙananan garuruwa, kowace da jadawali da alƙalai da ajiye bayanan wanda ya ci ƙwallo, ga kuma masu farautar 'yan wasa da ke zuwa kallo. Da ya faɗo daga sama, ya tarar da wurin da zai ci gaba da wasa har a gan shi. Shi kansa ya fahimci haka, shi ya sa ya kafa makarantar V9 don bai wa 'yan ƙananan ƙungiyoyi damar nuna kansu.

A garuruwanmu akwai matasa masu baiwa da ke tsufa a filayen unguwa, wasu kuma dillalan bogi suna karɓe kuɗin iyayensu da alƙawarin kai su Turai. Kira ga hukumomin wasanni da masu hali shi ne su raya gasannin ƙananan hukumomi da na jihohi, su riƙa gudana kowace shekara ba tare da yankewa ba. Matashi kuma ya riƙe karatunsa ko sana'arsa, ya ci gaba da buga wa ƙungiyar da ke kusa da shi, kada ya ɗauka sallama ɗaya ita ce ƙarshen ƙwallonsa.